Amsa: me ake ɓoyewa a HMM?

Malam, ka tambaya wai mene ne ɓoyayyen a tsarin HMM, wato Hidden Markov Model ("hidden" na nufin ɓoyayye), tsarin lissafi da ke taimaka wa kwamfuta ta gane maganar mutum. To kwamfuta ai ba ta jin harafi, ƙara kawai take samu, tana yanka ta guntu-guntu duk milisakan 10. Sautin da bakinka ya nufa, "b" ne ko "a", shi ne ɓoyayyen, sai dai ta yi hasashe. Galibi kowane sauti ana ba shi matakai uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kuma mataki na gaba ya dogara ne da na yanzu kaɗai, zato ne mai rauni gaskiya amma ya yi aiki sosai. Daga nan dabarar lissafi ta Viterbi ta 1967 ke zaɓo jerin sautukan da ya fi yiwuwa. Su Jelinek, masu binciken gane magana a kamfanin kwamfuta na IBM, da wannan tsarin suka yi aiki tun shekarun 1970.