Gizo, Bunu da Wayar Hannu: Amsar Tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, me ya haɗa Gizon tatsuniya da yanar gizo? Ko don ƙarya ta yi yawa a ciki aka raɗa mata sunan?"

'Yata, asali ba mijin Ƙoƙi aka nufa ba. Yana ita ce abin nan marar kauri da ke lulluɓe wani abu: wadda ke kwanciya a saman kunu in ya huce, da yanar ido mai dushe ganin tsofaffi, da saƙar da gizo-gizo ke yi a kusurwar ɗaki. Tim Berners-Lee, wanda ya fara tsara wannan fasaha a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN, sunan da ya ba ta a Turance ma na saƙar gizo-gizo ne, domin kowane shafi na da zaren da zai kai ki ga wani. Masu fassara suka kawo wannan kamance cikin Hausa, aka ce mata yanar gizo.

Amma kunnenki bai yaudare ki ba. Duk wanda ya tashi yana jin ana rufe tatsuniya da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", ba zai ji sunan nan bai tuna da sarkin wayo ba. Ni ina ganin riba muka ci, domin sunan da kansa yana ce wa mai karatu ya bincika kafin ya yarda. Ki lura kuma, intanet ta fi yanar gizo faɗi. Kiran da kike yi ta WhatsApp ta intanet yake bi, ko da ba ki buɗe shafi ko ɗaya ba.

Wani bawan Allah daga Maraɗi ya ce ya yi rubutu cikin fushi a Facebook, ya goge bayan ya huce, ashe wasu sun riga sun ɗauki hoton rubutun suna ta yaɗawa. Yana neman karin maganar da ta dace.

Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Yaran da suka girma ƙarƙashin rufin kwano da yawa ba su san bunu ba: tsohuwar ciyawar jinka ce, wadda ta sha rana da ruwa da hayaƙi har ta yi baƙi ta yi taushi. Zare tsinke ɗaya daga rufin ba wuya, amma gwada mayar da shi gurbinsa, sai ya lanƙwashe ko ya karye a hannunka. Da can maganar baki kunnuwan da ke zaure kaɗai ke jin ta, wata rana a manta. Rubutun waya kuwa yana da shaida, kuma wanda ya adana hoton yana iya fito da shi bayan shekara goma. Gogewa ta share allonka ne kawai. Abin da ya rage shi ne ka nemi wanda ka ɓata wa, kuma da za ka taka ka je da ya fi, tunda zumunta a ƙafa take.

Wata marubuciya daga Kano tana son sanin ko "wallafa" ko "ɗora" ya kamata a ce in an sa abu a shafi.

Hajiya, wallafa daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da talifi, wato harhaɗa magana a tsara ta, shi ya sa ake kiran mai littafi mawallafi. Ɗora kuwa aza abu ne bisa wani, kamar tukunya a murhu. Hoton biki ko bidiyon girki, a wurina ɗora su aka yi. Waƙar da kika kwana kina gyara amsa-amonta, ko labarin da kike saki babi-babi ga masu bibiyarki, wannan wallafawa kika yi, ko takarda ba ta taɓa ganin sa ba.