Bindigata na kai harsashi hagu da ƙasa, ya zan gyara saiti?

Ɗan'uwa daga Tahoua, ka ce bindigar toka da ka gada wajen baba tana zuba harsashi hagu da ƙasan inda ka auna.

Kada ka taɓa saitin tukuna. Ɗora bindigar bisa buhun rairayi, ka kafa kwali a taki 30, bayansa tudu, ka harba sau 3 da awon albarushi ɗaya da dalma iri ɗaya. In ramukan sun watse, ba laifin saiti ba ne, ɗurin ne ko hannunka.

In sun taru wuri guda, to. Saitin baya, wanda ke kusa da ido, ana tura shi inda kake son harsashi ya koma, wato dama. Na gaba kuwa, na bakin bututu, akasin haka. Ɗan ƙwanƙwasa kaɗan da guntun tagulla, bindiga babu ɗuri. Don harbin ya tashi sama, a goge kan saitin gaba da magagari. Nan ni na yi ɓarna, na ci ƙarfen da yawa cikin gaggawa, sai da maƙeri ya dasa mani sabo. Shafa biyu, ka gwada.

Albarushin harsashin zamani kuwa, kada ya shiga cikin bindigar toka, yana fasa bututu. In ka ga tsaga ko tsatsa ta ci ciki, kai wa maƙerin bindiga kafin harbi na gaba. Takardar izinin farauta kuma, tambayi ma'aikatan gandun daji.