Kwaɓin wasa mai ƙamshi a matsayin goron sallah: yadda ake yin sa da abin da za a kiyaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina da 'ya'yan yayye da na ƙanne su bakwai, ƙaramarsu shekararta 2, babbansu 6. Duk sallah sababbin kuɗi da alewa nake raba musu, kafin la'asar komai ya ƙare a wajen mai shago. Bana ina so in yi musu kwaɓin nan na fulawa mai launi da yara ke murzawa suna gina abubuwa da shi a makarantun renon yara, in zuba a 'yan robobi in ba kowa nasa. Ina so ya riƙa ƙamshi. Zan iya sa humra ko turaren ɗan goma? Sannan an ce sai da wani gari wai shi kirim-of-tata, na zaga kasuwa ban samu ba. Idan na yi, kwana nawa zai yi bai lalace ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka da wannan zumunci. Kwaɓin ba shi da wuya, duk macen da ta iya tuƙa tuwo ta gama iya shi, kuma kayan haɗinsa suna cikin kicin ɗinki. Inda nake so ki tsaya ki yi tunani shi ne wajen ƙamshin, domin a nan ne kyautar za ta yi daɗi, a nan ne kuma za ta iya zama matsala. Humra da ɗan goma dai ki bar su a kan madubi. Zan zo kan dalili, bari mu fara ɗora tukunya.

Ki samu gwangwanin madara guda, da shi za ki auna komai. Fulawa gwangwani 2, gishiri gwangwani 1, ruwa gwangwani 2, mai cokali 2 na cin abinci, sai ruwan lemon tsami cokali 2 da aka tace. Lemon tsamin shi ne madadin garin da kika nema kika rasa. Aikin garin dama tsami ne kawai, yana sa kwaɓin ya yi danƙo mai laushi ya kuma daɗe. Ruwan khal fari ma yana yi, sai dai warinsa kan ɗan jima kafin ya fita. Kada ki sa yis, bakin hoda ko kanwa, ba tashi muke nema ba.

Ki tankaɗe fulawar. Gishirin ya zama mai laushi, na leda. Idan mai tsakuwa kike da shi, ki narkar da shi a ruwan da ɗumi kafin ki haɗa, in ba haka ba yaro zai riƙa jin ƙurji-ƙurji a tafin hannu. Ki haɗa komai a tukunya tun ba ki ɗora a wuta ba, ki dama sosai har gudaji su mutu. Daga nan ki ɗora a wuta kaɗan, kina juyawa da muciya ba tsayawa. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, can sai ya fara kama gindin tukunya yana dunƙulewa, kafin minti 5 ya haɗe wuri guda ya saki gefen tukunyar. Ki ɗan tsinko ki matsa tsakanin yatsu biyu. In bai manne ba, ki sauke. Ki juye a tire, ki bari ya sha iska har hannu ya iya taɓawa, sannan ki murza shi kamar minti 5. Wannan murzar ita ce ke fito da santsinsa, kuma ita ce mata da yawa ke yi wa gaggawa su ce nasu bai yi kyau ba. Tukunyar ki jiƙa ta nan take, gishiri da tsami ba sa shiri da tukunyar alminiyom.

Akwai masu yin sa ba dafawa, su zuba tafasasshen ruwa kawai su kwaɓa. Yana yi, amma tun da kyauta za ki bayar ni dafaffen na fi so. Zafi yana dafa sitacin fulawar ya riƙe ruwa, don haka ya fi daɗewa da laushi, sannan ɗanyar fulawa tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, ga shi hannun yaro ba ya rabuwa da bakinsa.

Wannan awon zai ba ki dunƙule huɗu masu kyau. Yara bakwai, in kina so kowa ya samu launi biyu, sai ki yi tukunya huɗu, kowace da launinta da ƙamshinta. Hakan ya fi sauƙi a kan ki yi fari ki zo kina rabawa kina cusa kala.

To, ƙamshi. Dalilin da ya sa na hana ki humra shi ne an haɗa ta don tufafi da jikin babba, ba don abin da yaro zai murza awa guda yana sosa ido yana tsotsar yatsa ba. Ba ki san duk abin da mai haɗin ta zuba ba, kuma turarukan mai masu ƙarfi suna sa wa wasu yara ƙaiƙayi da ƙuraje, masu asma kuma su tayar musu da tari. Haka kafur, da man zafi irin su Robb, da tatattun mayukan ƙamshi na 'yan kwalabe kamar na turare da na kanumfari. Waɗannan in yaro ƙarami ya haɗiya ko kaɗan ne suna iya yi masa illa, kafur ma har jijjiga yake sawa. Ƙa'idar da nake ba iyaye ita ce duk abin da ba za ki sa a kunun yaro ba, kada ki sa a kwaɓin wasansa.

Abin da ya rage miki kuma yana da yawa. Garin kirfa ƙaramin cokali 1 a cikin fulawar yana ba da ƙamshi mai daɗi da launin ƙasa-ƙasa. Kada ki wuce haka, kirfa in ta yi yawa tana yi wa fata zafi. Kanumfari ƙwaya 5 ko 6, ko ganyen na'ana'a, ko ɓawon lemon zaƙi, ki tafasa su a ruwan da za ki yi kwaɓin, ki tace, ki sake aunawa ya cika gwangwani 2. Na fi son tacewa a kan goga ɓawon a ciki, saboda ɗanyen ɓawo shi ke fara kiran funfuna. Filebo na kek, irin su banila, sai kin sauke za ki ɗiga wajen murzawa, don wuta tana korar ƙamshinsa. Citta, masoro da barkono ba su da wuri a nan ko da wasa, ido za su shiga.

Zoɓo kuwa shi ne gwanina, domin aiki uku yake yi lokaci guda: launi, ɗan ƙamshi, da tsami. In kin dafa shi da kauri kika yi amfani da ruwansa, ba kya buƙatar lemon tsami, kwaɓin zai fito ja mai ratsin shunayya. Kurkum rabin ƙaramin cokali yana ba da ruwan ɗorawa mai haske, sai dai yana kama tufafi, a cire kayan sallah kafin a zauna wasa da shi. Garin zogale yana ba da kore mai duhu. Garin kuka kada ki gwada, yauƙi zai yi. Lalle ma haka, zai rina musu hannu. Idan kina son shuɗi ko kore shar, kalar abinci ta masu kek ita ce mafita, ɗigo kaɗan ya isa, ki sa hannunki a leda wajen murzawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarki, wato 'yar shekara 2 ɗin nan. Ki duba awon da na ba ki: gishiri rabin fulawa ne a gwangwani, a nauyi kuma ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan kwaɓin ko fiye. Gishirin shi ne ke hana shi ruɓewa, ba a iya rage shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, yaro kuma ƙasa da haka. Gutsuren kwaɓin nan mai girman goro guda yana ɗauke da kusan wannan adadin na babba. Yawancin yara suna lasa su tofar su ɓata fuska, shi ke nan an rabu. Amma akwai yaron da zai haɗiye, kuma gishiri mai yawa a jikin ƙaramin yaro guba ne. Nan ne ƙamshi ke shigowa: kwaɓin da ke ƙamshin banila ko cakulan yana ce wa yaro ci ni. Saboda haka ba na ba da shawarar garin koko na cakulan ko filebon ayaba da na sitiroberi ga 'yan ƙasa da shekara 4. Masu shekara 5 da 6 sun san bambanci, su ki yi musu duk ƙamshin da kike so cikin waɗanda ban hana ba. 'Yar shekara 2 ki yi mata nata ba ƙamshi, launi kawai, kuma ki danƙa shi a hannun mahaifiyarta, a fito da shi lokacin da babba ke zaune kusa. Ko na kanti, Play-Doh, a jikin robarsa an rubuta daga shekara 2 zuwa sama, an kuma rubuta cewa akwai alkama a ciki.

Tun da na ambace shi, asalinsa ba ma abin wasa ba ne. Wani kamfani ne a birnin Cincinnati na Amurka yake yin kwaɓin don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar da ake liƙa wa bangon ɗaki. Da kasuwar ta mutu, wata malamar renon yara mai suna Kay Zufall, wadda ke da dangantaka da masu kamfanin, ta ga yaran ajinta suna jin daɗin gini da shi, sai aka mayar da shi kayan wasa a 1956. Kamfanin Hasbro da ke da shi yanzu har rajistar ƙamshinsa ya yi a 2018 a matsayin alamar kasuwancinsa. Kin ga ba ke kaɗai kika damu da ƙamshi ba.

Ki yi la'akari da ranar da za ki bayar. Ranar sallah gida cike yake da cincin, dubulan, alkaki da tuwon madara, yaran maƙwabta suna shiga suna fita yawon sallah, manya hankalinsu na kan baƙi. Dunƙule mai ruwan hoda a robar da aka saba zuba kayan zaƙi, in aka ajiye shi a kan tebur, wani yaron tuwon madara zai ɗauke shi. Don haka kada ki yanka shi ƙanana ko ki mulmula shi kamar alewa. Ki bar shi babban dunƙule, ki liƙa takarda a murfin ki rubuta BA NA CI BA NE da manyan baƙaƙe, da sunan yaron da ranar da kika yi. Ni da zan zaɓa, washegarin sallah zan kai, lokacin da hayaniya ta lafa yara suka fara neman abin yi. Ki kuma tambayi iyayen tun da wuri ko akwai yaron da jikinsa ba ya son alkama ko gyaɗa. In akwai mai matsalar gyaɗa, ki bar man gyaɗa ki yi da man waken suya. Mai matsalar alkama kuma ana yi masa da garin shinkafa da sitacin masara rabi da rabi, sai dai bai kai na fulawa danƙo ba.

Idan ƙaddara ta sa yaro ya ci, lasa ko ɗan tsinke ba abin tayar da hankali ba ne, a ba shi ruwa a sa masa ido. In ya ci da yawa, ko ya fara amai, ƙishirwa mai tsanani, kasala da yawan barci, ko jikinsa na karkarwa, a tafi asibiti nan take da robar a hannu, a gaya musu gishiri ne a ciki. Kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Dabbobin gida ma gishirin yana yi musu illa, a share gutsattsarin kafin kaji ko kyanwa su tsince.

Kayan da za ki haɗa da shi ba sai kin saya ba. Guntun muciya ko ƙaramin katako mai santsi na murzawa, murafun kwalba na yanka da'ira, tsohon mataji na yin zane, cokalin roba. Duwatsun ado, maɓallai da ƙwayar wake ki bar su, ƙananan suna cusa su a hanci. Kada kuma ki damu da koya musu abin da za su gina. Yaran da suka saba tuwon ƙasa da gina shanun laka a bakin rafi ba su taɓa jiran malami ba. Matsawa da murzawa da tsinkowa su ne ke ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe fensir da alƙalamin allo. Manyan cikinsu za ki iya nuna musu yadda ake murza shi dogo a lanƙwasa a yi alif da ba, ko harafin farko na sunansu, daga nan ki ja gefe. Za su cakuɗa launukan duka su koma kalar toka tun ranar farko, wannan kuma kada ya ɓata miki rai.

Batun daɗewa ya danganta da yanayi da rufi. A naɗe a leda a sa a roba mai murfi da ke kamawa sosai, dafaffen yana yin makonni da dama, in ana wanke hannu kafin wasa ya fi haka. Da hunturu iska ke busar da shi, za ki ga farin gishiri ya fito a samansa. A jiƙa hannu da ruwa, a ɗiga mai kaɗan, a murza, zai dawo. Da damina kuma gishirin ke jan laima, sai ya yi gumi yana manne wa hannu, maganinsa barbaɗa fulawa. Lokacin zafi in akwai firji a sa shi a ƙasa, nesa da abinci. Wanda aka yi da ruwan zoɓo ko na ganye ya fi saurin juyawa, don haka ki yi shi kwana 2 ko 3 kafin sallah, ba mako biyu ba. Ƙamshin ma yana raguwa da kwanaki. Duk ranar da aka ga ɗigon baƙi ko kore a jikinsa, ko ya fara tsami a hanci, a ƙulle a leda a jefar, kada a tsinke wajen a ci gaba da sauran.