Amsa: Me Edward ya gani a jikin Bella?

'Yar'uwa, kin tambaya me zai sa Edward, mai shan jini da aka haifa a 1901, ya haukace a kan Bella, yarinya 'yar shekara 17 a fim ɗin Twilight. Dalilin na nan, fim ɗin 2008 ne ya bi ta kansa da gudu. Littafin Stephenie Meyer na 2005 da bakin Bella aka rubuta shi, kina jin duk abin da ke ranta. A fim kuwa sai kallon-kallo a ajin kimiyya, shi yana toshe hanci kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Edward na jin tunanin kowa, nata kaɗai ya gagare shi, ga ƙamshin jininta da ya fi na kowa jan sa. Wanda ya shekara kusan 90 yana sauraren zukatan mutane, dole shiru ya burge shi.

Inda na tsaya cak shi ne fim na ƙarshe a jerin finafinan Twilight, na 2012. A Unguwar Rogo muka kalla da ƙanwata, cikin bargo, sanyin Jos na kaɗawa. Aka gwabza yaƙi, aka cire kan Carlisle, uban riƙon Edward, ƙanwata ta yar da gyaɗarta tana salati, ashe duk hangen Alice ne, 'yar gidansu Edward mai hango abin da zai faru. To ai tun fim na biyu, New Moon, an nuna Alice ba ta iya hango abin da ya shafi mutanen da ke rikiɗa su koma kyarketai! Ga su kuma cike da hangen nata. Wannan kam masu fim ne suka ƙirƙiro, babu yaƙin a littafi.