Jar fitila a injin wayar ofis: laifin kamfani ne ko na kebul ɗinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kayan sadarwa a wani otal a Kaduna. Muna da layin E1, wato layin kamfanin waya mai ɗaukar kira da yawa lokaci guda, da ke shiga injin raba kira, wato PBX. Makon jiya muka mayar da injin bene, mai haɗa mana intanet ya ja sabon kebul. Tun ranar jar fitila ke ci a wajen da aka rubuta LOS, kira ba ya shiga ba ya fita. Kamfanin layi sun ce nasu lafiya lau, manaja kuma ya sa ni gaba. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sake kiran kamfani, ka haɗa fulogin gwaji da hannunka. Aikin minti biyar ne.

LOS na nufin injinka ba ya jin sigina ko kaɗan. A kan RJ48 na layin E1, mai kama da kan kebul ɗin intanet, ƙafafu huɗu kawai ke aiki: 1 da 2 suna karɓa, 4 da 5 suna aikawa. Ka samo sabon kai da guntayen waya biyu, ka haɗa 1 da 4, ka haɗa 2 da 5, ka matse da filaya. Duk abin da na'ura ta aika zai dawo mata. Wannan shi ne gwajin lufbak.

Ka zare kebul daga bayan injin, ka cusa fulogin. A saitin injin ka mayar da agogon layi, wato bugun lokacin da ke daidaita tafiyar sigina, ya zama na cikin gida, domin a ka'ida daga kamfani yake karɓar agogo, yanzu kuma ka raba su. Idan jar fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, katin injinka lafiya yake. Kada ka tsorata in ka ga tashar kira ba ta tashi ba. Injin kansa yake yi wa magana, ba zai amsa wa kansa kira ba. Fitilar kawai muke kallo. In kuwa ja ta ƙi mutuwa, kati ne ko saiti, kebul ba shi da laifi tukuna.

Sai ka mayar da kebul, ka sauka ƙasa wajen akwatin kamfani, ka zare ɗaya bakin, ka haɗa shi da fulogin ta hanyar 'yar mahaɗa mai rami biyu. Yanzu sigina zai bi tsawon kebul ya dawo. Ja ta dawo? Ka kama ɓarawo: ko waya ta tsinke a bango, ko kai bai matsu ba, ko ɓera ya yi aikinsa a silin. Daga nan ka cusa fulogin a ramin akwatin kamfani, ka kira su su duba ko siginarsu na komawa. Amma ramin da ke fuskantar injinka kawai. Wayar da ta shigo daga waje kada ka taɓa, wasu layukan da wuta suke zuwa.

Ga inda nake zargi, tunda ka ce mai intanet ne ya ja kebul. Yana yiwuwa duk gwajin nan uku su fito lafiya, ka haɗa komai, ja ta sake kunnuwa. Idan na'urorin biyu duk ta 4 da 5 suke aikawa, miƙaƙƙen kebul zai haɗa baki da baki, kunne da kunne, babu mai jin wani. Fulogi ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Kebul mai giciye ake buƙata, kuma ba na intanet ba. Na intanet yana musanya 1 da 3, 2 da 6; na E1 kuwa 1 da 4, 2 da 5. Masu matse kebul a kasuwa, in ka ce musu "kuros", na intanet za su yi maka, don shi suka sani. Ka nemo tsohon kebul ɗin in ba a jefar ba, ka ɗaga kawunansa biyu a haske ka kwatanta launukan. Ka kuma tabbata 1 da 2 tagwayen murɗi ɗaya ne, haka 4 da 5. In an raba tagwaye, fitila za ta iya zama kore amma kira ya riƙa kartsi yana yankewa.

Idan akwatin kamfani mai ramukan BNC biyu ne masu zagaye, wannan turjiyarsa ga sigina om 75 ce, ta RJ48 kuma 120, sai da balun a tsakani, wato 'yar na'urar da ke daidaita su. Ka duba ko an baro shi a tsohon ɗaki wajen kwashe kaya.

Da ka gama, ka mayar da agogo ya bi layi, ka tambayi kamfani ko CRC4, wato saitin gano kuskure a sigina, a kunne yake a wajensu, naka ya dace da nasu. In an manta agogon, layi zai tashi amma za ka riƙa jin ƙas-ƙas a kira, sai a sake ɗora wa kebul laifi. Ka rubuta sakamakon kowane gwaji da lokacinsa kafin ka kira su, injiniyansu zai fi saurin saurarenka.