Amsa: Ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa a fadamun bakin teku

Malam, ka ce ka je tafkin Sakumono da ke kusa da Tema a ƙasar Gana, amma tsuntsayen suna tashi kafin ka matso, kuma farin zalɓe yana fitowa a hoto fari fat, ba a ganin tsarin gashinsa.

Babbar matsalarka lokaci ce. Ka isa wurin da sanyin safiya ko bayan la'asar, rana tana bayanka, domin hasken tsakar rana yana kashe launi, musamman jan ƙafafun dogayen tsuntsayen nan masu kiwo cikin taɓo. Daga Satumba zuwa Maris ne baƙin tsuntsaye daga Turai suke cika wurin, ko da yake hazon hunturu yakan dusashe hoton abin da ke nesa.

Kada ka bi tsuntsu. Ni dai nakan zauna wuri ɗaya cikin tufafi marasa haske, in sauke kyamara daidai tsayin idonsa, in jira yunwa ta kawo shi gabana, wanda wani lokaci yakan ci sa'a guda. Gilashin kyamara mai jawo abin da ke nesa, mai milimita 400, ya wadatar. Saurin ɗauka, wato ɗan lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ga tsuntsu mai tashi kuwa 1/2000, sannan ka rage hasken da ke shiga kyamara kaɗan don a ga tsarin gashin fararen tsuntsaye.

Iskar gishiri tana cin kyamara, don haka ka goge ta da zarar ka dawo. Idan ruwan gishiri ya shige ta, cire batir ka kai wa mai gyara. Taɓon kuma yana nutsar da mutum, sai ka nemi ɗan jagora daga ma'aikatan kula da namun daji.