Zunubi, laifi da alhaki: kowanne da ɗakinsa

Tambayoyi uku suka iso ni a wannan mako, dukansu daga ƴan'uwa Kirista na nan Maradi da kewaye. Zan daɗe a kan ta farko, don ita ce mai tsoka.

Wata baiwar Allah mai sayar da hatsi daga unguwar Zariya ta rubuto: "Malam, gardama ta kaure mana a zumuntar mata. Wasu sun ce zunubi da laifi da alhaki duk abu guda ne. Ni dai raina bai kwanta ba. Ka raba mu."

Ƴar'uwa, da gaskiyarki. Duka ukun baƙi ne daga Larabci da suka daɗe har suka zama ƴan gida, amma kowanne da ɗakinsa. Zunubi ya fito daga "zunub", wanda jam'i ne a Larabci. Bahaushe ya ɗauke shi a matsayin tilo, ya kuma ƙera masa sabon jam'i, zunubai. Magana ce tsakanin mutum da Mahaliccinsa. A majami'a kya iya jin an ce "ya yi mini zunubi", amma wannan harshen fassara ne. A kasuwa ba mai faɗin haka.

Laifi, ko laihi yadda muke faɗa a nan, daga "al-aib" yake. Wannan "l" ta farko ragowar "al" ce ta Larabci, irin wadda ke cikin labari da littafi da Lahadi. Laifi abu ne da idon mutane ke gani su hukunta. Yarinya ta fasa tulu a hanyar rijiya, ta yi laifi, za ta sha faɗa, amma ba wanda zai ce ta yi zunubi. Mai hassada kuwa, da ke kwana yana ƙuna don maƙwabcinsa ya sayi babur, yana cikin zunubi tsundum, alhali ba laifin da za a kai shi gaban sarki a kansa.

Alhaki shi ne mai wuyar sha'ani, kuma shi muka fi tsallakewa. Tushensa ɗaya da haƙƙi. Haƙƙin wani ne da ya maƙale a wuyanki. Shi ya sa ba a "yin" alhaki yadda ake yin laifi, sai dai a ɗauke shi, kamar kaya. "Ka ɗauki alhakina." "Alhaki ya kama shi."

Tunda sana'arki ce, bari in kawo misali daga rumfa. Kin san irin tiyar da ake buga wa gindi har ya lotsa ciki. Daga waje tiya ce cikakkiya, ana tsiri gero a kanta har yana zuba, mai saye na murmushi, alhali kowane awo an rage shi da tafi guda. Ba wanda ya gani, don haka ba a kama kowa da laifi ba. Ran Lahadi mai tiyar ta sunkuyar da kai ta nemi gafarar zunubanta. To, geron fa? Yana nan cikin buhunta. Wannan geron shi ne alhaki.

Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Duk wanda ya taɓa kiwon kwikwiyo ya san abin da ake nufi. Ka kore shi, ka ɗaga dutse, sai ya tsaya ya karkatar da kai. Ka yi taku goma ka waiga, ga shi nan a dugaduganka. Ka shiga majami'a, ya kwanta a inuwar bakin ƙofa, ana rufe addu'a ka fito ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ba ya ɓatan kai ya bi wani.

A nan karin maganar da Linjila bakinsu ɗaya. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa, ya tuna ɗan'uwansa na da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, bai tsaya kan "na tuba" ba. Rabin dukiyarsa ya ce zai bai wa matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ko a addu'ar Ubangiji, kalmar Helenanci, harshen asali na Sabon Alkawari, da Matiyu ya yi amfani da ita a 6:12 bashi take nufi, Luka kuwa a 11:4 ya ce zunubai. Zunubi akan nemi gafararsa, laifi akan ba da haƙuri, alhaki kuwa ana sauke shi ne a ƙofar mai shi. Ki kai wa matan zumunta wannan, amma a hankali, kada wata ta zaci da tiyarta ake.

Tambaya ta biyu daga wani saurayi ce a Tsibiri: "Baba, an ce hali zanen dutse. Fastonmu kuwa ya karanta mana 2 Korintiyawa 5:17 cewa wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne. Wanne zan kama?"

Ɗana, karin magana ba aya ba ce. Abin da tsofaffi suka gani ne suka ƙulle a taƙaice, kuma bakin da ya ce hali zanen dutse shi ne ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In hali ba ya lanƙwasuwa, me ya kawo zancen tanƙwara? Abin dariya ma, kalmar hali daga "hal" take ta Larabci, wato yanayi, daga tushen da ke nufin juyawa. Har yau muna cewa "halin da ake ciki", kuma kowa ya san gobe yana iya sakewa.

Duba Ezekiyel 36:26. Ba a yi alkawarin goge zanen ba. Dutsen kansa, wato zuciya ta dutse, aka ce za a cire, a sa zuciya ta nama. Ka ga ba su yi karo ba: karin maganar na faɗin abin da mutum ba ya iya yi wa kansa, annabin na faɗin abin da Allah ke yi. Sai dai kada ka yar da maganar tsofaffi, don su ne suka raɗa wa wani irin tuba suna tuban muzuru, ana tuba kaza na baki. Tuba kuwa asalinta komowa ce. Wanda bai juyo ba bai komo ba, komai yawan hawayensa.

Ta ƙarshe, wani dattijo daga Danja ya ce maƙwabcinsa Musulmi na yi masa tsiya: kuna cewa za ku sujada, ga ku zaune kan benci, goshi bai taɓa ƙasa ba.

Baba, ranka ya daɗe, maƙwabcinka ya san asalin kalmar. Sujada daga "sajda" take, kai goshi ƙasa, kuma a salla haka take har yau. Kalmar Helenanci da ke bayanta a Sabon Alkawari ita ma faɗuwa rubda ciki take nufi. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, ba su ƙirƙiro sabon harshe ba. Abin da ke bakin mutane suka ɗiba: addu'a, azumi, annabi, mala'ika, sujada. A bakin Kirista sai sujada ta yi faɗi, ta haɗiye taron duka, waƙa da wa'azi da baiko, har ana cewa sujadar safe. Shi yana riƙe da saiwa, kai kana riƙe da reshe. Ka gaishe mini shi.